Yaron Ibadan da ɓerayen New York: wani shafi daga tarihin maganin ciwon daji

A shekarata ta huɗu da fara koyarwa, a wani ƙauye da ke arewa da Ɗan Kassari, ina da wani ɗalibi a aji uku mai kimanin shekara takwas. Ba shi ya fi kowa ƙoƙari ba, amma shi ne mai share allo, don ya fi kowa sammako. Bayan an gama yankan hatsi sai ya zo lakwal da kunci ɗaya a kumbure. Kowa ya ce hangum ne, ni ma haka na ce. Cikin mako biyu kumburin ya turo masa ido, haƙoransa suka fara girgiɗa. An kai shi wurin wanzami, an sha rubutu, an je ƙaramar likita an karɓo ƙwayoyi. Daga nan aka tura su gaba, can ma aka ce sai Yamai. Kafin mahaifinsa ya sayar da tumaki biyu ya haɗa kuɗin mota da guzuri, wata ɗaya da rabi ya wuce. Yaron bai dawo ba. Mahaifin ne ya dawo da wata takarda da Faransanci, ya kawo mini ya ce, "Mushe, duba mini abin da suka ce shi ne ajalinsa." A jikin takardar an rubuta lymphome de Burkitt. Na karanta masa, na ce Allah ya sa mai ceto ne, ya ce amin, ya linke takardar ya tafi.

Sunan nan ya zauna mini a rai shekara da shekaru. A ƙarshen 2023 na ji labarin cewa an ba wasu masana biyu da ke aiki a Amurka, Carl June da Michel Sadelain, babbar kyautar kimiyya ta Breakthrough mai dala miliyan 3, saboda wani sabon maganin ciwon daji da ake haɗawa daga jinin shi kansa marar lafiyan. Na shiga karance-karance a wayata da dare, in an samu rezo. Ina cikin bin aikin Sadelain sai na ci karo da sunan Burkitt, kusa da shi kuma ga Ibadan, Badun ɗin nan da ƴan uwanmu ƴan cin rani da fataken dabbobi ke sauka a unguwar Sabo. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

A ƙasashen waje, in za a auna nauyin masani, ana ƙirga takardun binciken da ya wallafa, da yawan masanan da suka ambace shi a nasu rubutun, da kyaututtukan da ya samu, da magungunan da suka fito daga aikinsa. Ta kowace irin wannan tiya aka auna Sadelain, zai cika ta har ya zuba, kuma ya cancanta. Abin da na lura shi ne ƙirgar daga tsakiyar labari take farawa. Farkon yana nan kusa da mu.

Bari in fara bayyana maganin a taƙaice. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne garkuwar jiki. Iri biyu daga cikinsu suka shafe mu a nan. Ƙwayoyin B suna ƙera wani sinadarin kariya da ke yawo cikin ruwan jini, ya manne wa cuta. Ƙwayoyin T kuwa gaba da gaba suke yi, su kama ƙwayar jikin da ta lalace su kashe ta. Matsalar ciwon daji ita ce ba baƙo ba ne, ƙwayar jikin mutum ce ta kauce hanya ta shiga hayayyafa ba tsayawa, saboda haka sau da yawa ƙwayoyin T sai su wuce ta ba su gane ta ba. Ɓarawon cikin gida ke nan, kare ba ya yi masa haushi. Abin da masanan suka yi shi ne a ɗebi jinin marar lafiya, a tace ƙwayoyin T, a dasa musu wani sabon umarni na gado da zai fitar musu da wani maƙali mai gane wata alama a jikin ƙwayar dajin, a hayayyafa su miliyoyi a ɗakin gwaji, sannan a mayar wa mutum ta ƙarin ruwa. Kamar dai yadda mafarautanmu ke shinshina wa kare sawun nama kafin su sake shi. Ana kiran maganin CAR-T.

Yanzu mu koma baya. A 1957, a asibitin Mulago da ke Kampala, ƙasar Yuganda, aka kira wani likitan fiɗa ɗan Ailan mai suna Denis Burkitt ya duba wani yaro ɗan shekara biyar wanda muƙamuƙansa suka kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Burkitt mai ido ɗaya ne, ya rasa ɗayan tun yana yaro, amma ya ga abin da masu ido biyu suka daɗe suna wucewa. Ba da daɗewa ba ya sake ganin wani yaron da irin wannan kumburi a Jinja. Ya tono tsofaffin takardun asibiti, a 1958 ya wallafa bayanin yara 38. Ba wanda ya kula sosai. Sai ya buga ƴan takardu masu hotunan yaran, ya aika wa asibitocin gwamnati da na mishan a faɗin Afirka da tambaya ɗaya: kuna ganin irin wannan a wurinku? Duk inda aka ce ana gani sai ya soka allura a taswira. A watan Oktoba na 1961 shi da wasu likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota ƙirar Ford, suka yi mako goma suna tafiya, kimanin kilomita 16,000, suka leƙa asibitoci sama da 50 a gabashi da kudancin Afirka. Suka gano cewa a kan tsaunuka masu sanyi ciwon ba ya nan. Da Burkitt ya zo Afirka ta Yamma kuma, ya tarar ciwon ya yi yawa a kudancin Najeriya, amma a kewayen Kano, duk da cikar jama'a, ba a cika ganinsa ba. Ya yanke cewa ciwon yana bin zafi da ruwan sama, inda ake samun kimanin milimita 500 ko fiye a shekara. Da aka ɗora taswirarsa kan taswirar sauro da zazzaɓin cizon sauro, sai suka hau juna.

Milimita 500 ɗin nan kusan shi ne ruwan da muke samu a nan Arewa in damina ta yi dama-dama, wato muna bakin iyakar taswirar. Ni kuwa ina da ƴar tababa a kan batun Kano. Taswirar da aka zana daga takardun asibiti, yaran da suka isa asibiti kaɗai take nunawa. A farkon shekarun 1960 yara nawa ne daga ƙauyukan ƙasar Hausa aka kai gaban likitan fiɗa saboda kumburin kunci? Daga baya likitocin Zariya da na Kano sun riƙa lissafa wannan ciwo cikin cututtukan dajin da suka fi gani a jikin yara. Wanda kuma ya taɓa kwana kusa da tabkunan Dallol Mawri a watan Agusta, ba sai an gaya masa ko muna da sauro ba.

A watan Maris na 1961 Burkitt ya yi lacca a asibitin Middlesex da ke Landan. Cikin masu sauraro akwai wani masani, Anthony Epstein, wanda ya yi zargin cewa ciwon da ke bin yanayi haka, akwai ƙwayar cuta a bayansa. Ya roƙi a riƙa aiko masa da gutsattsarin ƙarin ta jirgin sama daga Kampala. Sai a 1964 shi da Yvonne Barr da Bert Achong suka ga ƙwayar, wadda yau ake kira Epstein-Barr, ita ce ƙwayar bairos ta farko da aka danganta da ciwon daji a jikin ɗan Adam. Yanzu an san fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da ita, galibi ba ta yi musu komai. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ke kayarwa damina bayan damina, ƙwayoyin B ɗinsa suna ta hayayyafa, ƙwayoyin T masu sa musu ido kuma sun raunana, daga nan sai ɗaya ta kuɓuce. Mai karatu ya riƙe wannan: ciwon Burkitt dajin ƙwayoyin B ne.

A daidai wannan lokaci, a asibitin koyarwa na jami'ar Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, akwai mutum biyu da labarinmu ya rataya a kansu. Na farko wani dattijon Bature ne masanin cututtuka, Robert Pulvertaft. A 1963 aka kawo wani yaro ɗan shekara 11 da ciwon Burkitt a muƙamuƙi. Pulvertaft ya ɗauki ɗan gutsuren ƙarin ya sa cikin kwalba mai ruwan abinci. A al'ada, ƙwayoyin jinin mutum in an fitar da su sukan yi ƴan kwanaki ko makonni su mutu. Waɗannan ba su mutu ba. Suka ci gaba da rabuwa biyu, biyu ta zama huɗu, aka riƙa raba su a sababbin kwalabe. Aka sa musu suna Raji. Suna cikin ƙwayoyin dangin jini na ɗan Adam na farko da aka samu suna rayuwa a ɗakin gwaji ba ƙarewa. An rarraba su ga masana a ƙasashe, kuma har yau, bayan shekara sittin da ɗoriya, ana sayar da su a daskare. A kundin babbar ma'ajiyar ƙwayoyi ta Amurka lambarsu CCL-86. Akwai ƴan uwansu da ake kira Daudi, waɗanda aka samo daga wani yaro ɗan shekara 16 a Kenya a 1967.

Mutum na biyu shi ne wanda na fi son mu tsaya a kansa, Victor Anomah Ngu, ɗan Kamaru. An haife shi a 1926, yana cikin ɗaliban farko na kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948, ya ƙarasa karatun likita a asibitin St Mary's na Landan, ya dawo Ibadan, ya zama farfesan fiɗa a 1965. A shekarun nan aka fara gwada magunguna masu kashe ƙwayoyin daji a kan ciwon Burkitt, musamman methotrexate da cyclophosphamide, a Kampala da Nairobi da Ibadan. Abin da aka gani ya ba kowa mamaki. Kumburin da ya rufe wa yaro ido sai ya narke cikin ƴan kwanaki. Wasu yaran allura ɗaya ko biyu kawai suka samu, iyayensu suka ga sauƙi suka tafi da su gida, irin yadda mu ma muke yi. Da aka bi sawunsu bayan shekaru, sai aka tarar da wasunsu lafiya ƙalau. A lissafin likita, allura ɗaya ba ta isa ta ƙarar da duk ƙwayoyin dajin ba. An ma samu ƴan tsiraru da ƙarinsu ya ja da baya ba tare da magani ba. To wa ya ƙarasa aikin?

Ngu, kamar Burkitt da wasu abokan aikinsu, ya ce jikin yaron ne. A 1967 ya wallafa takarda a mujallar likitocin Birtaniya a kan kariyar da jiki ke yi wa kansa daga wannan ƙari. Bai tsaya ga magana ba. Ya ɗebi ruwan jinin waɗanda ƙarinsu ya ɓace ya ƙara wa masu ciwon, da tunanin cewa in akwai sinadarin kariya a jinin wanda ya warke, zai taimaki wanda ke kwance. Ya ba da rahoton cewa kumburin ya ja baya na ɗan lokaci. Wannan gwajin yaƙar daji da garkuwar jiki ne, a Afirka ta Yamma, a hannun likita ɗan Afirka, shekara 50 cif kafin a amince da CAR-T.

Gaskiya kuma ba ta ƙin a faɗe ta duka. Da aka maimaita gwajin ruwan jinin a Yuganda cikin tsari, aka wallafa a 1970, ba a ga amfanin da aka sa rai ba. Aka gwada zaburar da garkuwar yaran da BCG, allurar nan da ake yi wa jariranmu don tarin fuka, sakamakon da ya fito a 1976 ya nuna ita ma ba ta hana ciwon dawowa ba. Maganar ta kwanta. A 1972 an ba Ngu kyautar Lasker, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan likitanci a Amurka, tare da Burkitt da wasu, amma saboda aikin magungunan ne. Ya riga ya koma Kamaru a 1971. Ya shugabanci jami'ar Yawunde daga 1974 zuwa 1982, ya riƙe ministan lafiya daga 1984 zuwa 1988, ya rasu a 2011. A ƙarshen rayuwarsa ya yi iƙirarin samo wata allurar cutar sida wadda masana ba su karɓa ba, wannan kuwa ya rage masa haske a idon da yawa.

A ganina Ngu ya yi tambayar da ta dace a lokacin da kayan aikin amsa ta ba su iso ba. Sai a 1961 Jacques Miller ya gano aikin wata ƴar kaluluwa da ke bayan ƙashin ƙirji, inda ƙwayoyin T ke girma, kuma a tsakiyar shekarun 1960 aka fara bambanta B da T. Ruwan jinin da Ngu ya ƙara wa yaran gauraye ne, sinadaran kariya iri dubbai, mai amfanin cikinsu bai taka kara ya karya ba. A 1975 Georges Köhler da César Milstein a Kambirij suka samo hanyar ƙera sinadarin kariya iri ɗaya tak mai yawan gaske. A 1997 aka amince da rituximab, sinadarin kariya mai manne wa ƙwayoyin B. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa in an haɗa shi da sauran magunguna, fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ke da Burkitt mai tsanani da danginsa suna tsira. Ba daga hannun Ngu maganin ya fito ba, amma abin da yake lalube a ruwan jini ke nan, aka tace shi aka zuba a kwalba.

Ɗaya hanyar, ta ƙwayoyin T, ta fi tsawo. A shekarun 1980 Steven Rosenberg a cibiyar binciken daji ta Amurka ya riƙa ciro ƙwayoyin garkuwa daga jikin masu ciwo, ya hayayyafa su ya mayar musu, wasu kaɗan suka samu sauƙi. A 1989 da 1993 Zelig Eshhar a cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya haɗa kan sinadarin kariya da gindin maƙalin ƙwayar T, ya samar da samfurin farko na CAR. A kwalba abin ya yi aiki. A jikin mutane kuwa ƙwayoyin sai su yi ɗan yunƙuri su mutu. Mutane da yawa suka ce ɓata lokaci ne.

A nan Michel Sadelain ya shigo. Haifaffen Paris ne, can ya yi karatun likita, ya yi digirin digirgir a fannin garkuwar jiki a jami'ar Alberta ta Kanada, ya koyi dasa umarnin gado a cikin ƙwayoyi a cibiyar Whitehead da ke Amurka, sannan a 1994 ya kama aiki a asibitin daji na Memorial Sloan Kettering a New York. (A wannan asibitin Joseph Burchenal ya yi aiki, ɗaya daga cikin waɗanda suka raba kyautar 1972 da Ngu.) Gudummawar Sadelain guda biyu ce, kowace kuma ta isa a tuna da mutum. Ta farko, an riga an san ƙwayar T ba ta tashi yaƙi sosai sai ta samu saƙo biyu, ganin abokin gaba da kuma izinin ci gaba. Samfurin farko saƙo ɗaya yake bayarwa. A 2002 ɗakin gwajinsa ya nuna cewa in aka ƙara wa maƙalin wani sashe mai suna CD28, ƙwayoyin T na mutum za su kashe, su hayayyafa, su sake kashewa. Ta biyu, zaɓen abin hari. Ya zaɓi wata alama mai suna CD19, wadda ke jikin kusan dukkan ƙwayoyin B, masu lafiya da masu daji, amma babu ita a zuciya ko hanta ko huhu. In aka share ƙwayoyin B duka, mutum zai iya rayuwa muddin ana ƙara masa sinadarin kariya lokaci-lokaci. Asara ce da za a iya ɗauka.

Saura a gwada a jikin mai rai. Aka samo ɓeraye marasa garkuwar jiki, waɗanda jikinsu ba ya ƙin ƙwayoyin mutum. Ana buƙatar dajin ƙwayoyin B na ɗan Adam mai ɗauke da CD19, mai saurin bazuwa, wanda kowane ɗakin gwaji a duniya ya sani. Aka ɗauko Raji. Aka yi wa ɓerayen allurarsu ta jijiya, dajin ya shiga ɓargo. Ɓeran da aka bari haka ƙafafunsa na baya kan shanye ya mutu. Waɗanda aka ƙara wa ƙwayoyin T da aka gyara, da dama daga cikinsu suka rayu, dajin ya ɓace. Takardar ta fito a mujallar Nature Medicine a 2003, da sunan Renier Brentjens a farko, na Sadelain a ƙarshe. Ita ce ta nuna wa duniya cewa ƙwayoyin T na mutum da aka saita kan CD19 suna iya share daji daga jikin mai rai. Shekara 40 ke nan daga ranar da aka gutsuri muƙamuƙin yaron Ibadan. Har gobe kuma, mai ƙera sabon CAR-T na CD19, a Amurka yake ko a Sin, da wuya ya wuce bai gwada shi a kan Raji ko makamantanta ba.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 2010 ƙungiyar Rosenberg ta ba da rahoton mutum na farko mai dajin kaluluwa da ya samu sauƙi da CAR-T na CD19. A shekarar kuma Carl June a Filadelfiya ya yi wa wasu masu dajin jini, biyu daga cikinsu aka tarar da ƙwayoyin suna nan a jininsu bayan shekara goma. A watan Afrilun 2012 aka yi wa wata yarinya ƴar shekara shida, Emily Whitehead, wadda magunguna suka gaza a kanta. Zazzaɓi mai tsanani ya kusa kashe ta, don in ƙwayoyin suka tashi yaƙi jiki duka kan ɗauki wuta, aka ceto ta da wani maganin ciwon gaɓoɓi, ta kuma warke. A 2013 ƙungiyar Sadelain ta ba da rahoton manya biyar masu dajin jini mai tsanani da ya dawo musu, duka biyar ciwon ya kwanta. Ranar 30 ga Agusta 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Kymriah na kamfanin Novartis, CAR-T na farko a kasuwa. Ko a tsakanin manyan ma an yi jayayya kan wa ya ƙera me: wani sashe na maƙalin da aka yi amfani da shi a Filadelfiya daga ɗakin gwajin Dario Campana na asibitin St Jude ya fito, har maganar ta kai kotu, aka sasanta a 2015. In masu lauyoyi sai da suka yi ƙara kafin a tuna da su, ina ga yaron da ba shi da ko ɗaya?

Farashin Kymriah da ya fito dala 475,000 ne, sama da sefa miliyan 250, ban da kuɗin kwanciya. Na yi lissafin a allo: mai samun jika ɗari a wata, wato sefa 100,000, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi fiye da shekara 200 yana tarawa. Indiya ta nuna cewa farashin ba wahayi ba ne. A watan Oktoba na 2023 ta amince da nata CAR-T mai suna NexCAR19, wanda masana na Mumbai suka ƙera, a kan kusan kashi ɗaya cikin goma na farashin Amurka. Duk da haka yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin kula da masu tsananin ciwo, da ma'aikata ƙwararru.

Ban rubuta wannan don in ce an sace mana wani abu ba, ko in rage wa Sadelain ko da ƙwayar gero. Shekara kusan ashirin ya yi yana bin abin da mutane suka raina, dubban mutane kuma suna raye yau saboda shi da abokan aikinsa. Amma tsarin ambaton da ake auna masana da shi yana da makanta irin tasa. Takardar 2003 an ambace ta ba adadi. Takardar Ngu ta 1967 sai mai tonon tarihi. A Amurka an yi wata mata baƙar fata, Henrietta Lacks, da aka ɗauki ƙwayoyin dajinta a 1951 ba da saninta ba, an rubuta littafi a kanta, an yi fim, a 2023 iyalinta suka cimma sulhu da wani kamfani da ke sayar da ƙwayoyin. Raji kalma ce kawai a sashen kayan aiki na takardun bincike, kusa da sunan ruwan abincin da ake ba ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗalibina ba CAR-T yake buƙata ba. Wannan maganin ma ba shi ne na farko da ake ba mai ciwon Burkitt ba, ko a Turai. Cyclophosphamide ɗin da Ngu ya yi aiki da shi tun shekarun 1960 yana nan, mai araha ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. A asibitocin Malawi da Kamaru, da shi da ɗan ƙari kaɗan, an ceto kusan rabin yaran da aka yi wa magani. Ciwon Burkitt yana cikin mafi saurin girma a duk cututtukan daji, ƙwayoyinsa kan ninka cikin kwana ɗaya zuwa biyu. A auna wannan da wata ɗaya da rabi na neman kuɗin mota, da kilomita sama da 300 tsakaninmu da Yamai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji suna warkewa, a ƙasashe da yawa irin tamu kuwa ba su kai 30 ba, kuma a 2018 ta sa burin kai wa 60 nan da 2030.

An ɗan motsa. A 2021 cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashin ƙari da na'ura, abin da a da sai an fita waje. Maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina ya zama sananne a ƙauyukanmu. A watan Satumba na 2024 a Gaya, nan cikin jiharmu ta Doso, aka ƙaddamar da allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Tunda zazzaɓin ne ke share wa wannan daji hanya, ana sa ran raguwarsa za ta rage kumburin kuncin ma.

Ni dai abin da nake iyawa, duk farkon shekarar karatu in mun zauna da kwamitin iyayen yara, nakan ce musu kumburin kunci ko na ciki da ke ƙaruwa kullum, haƙora suna girgiɗa, ya wuce mako bai sauka ba, kada a jira kasuwa ta ci, a tafi likita a nemi takardar turawa gaba. Bara kuma, a darasin kimiyya na aji shida, na ba yara labarin nan, na zana musu taswirar Afirka da ɗigo-ɗigon Burkitt, na nuna musu Ibadan. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, shi yaron ya warke?" Na ce mata kundin da ake sayar da ƙwayoyinsa bai rubuta wannan ba. Ya rubuta cewa namiji ne, baƙar fata, ɗan shekara 11, kuma daga muƙamuƙin sama na hagu aka ɗauka. Ta yi lissafi da yatsu ta ce da yanzu ya girmi kakanta.